Baki Huɗu, Kunne Ɗaya

A Yaba, hawa na biyu, saman shagon mai ɗinkin labule,
ƙarfe ɗayan dare, ruwa na dukan kwano,
janareton maƙwabta na tari kamar tsohon mashayin taba.
Ni da Folarin da alluna huɗu kore shar,
kowanne da ƙwaƙwalwa kamar farcen babban yatsa,
aikinta ta saurari rawar da gada ke yi
in tirela ta hau ta,
ta tace, ta tankaɗe, ta mai da girgiza lissafi.

Kowanne shi kaɗai gwani ne.
Haɗa su ne rigima.
Kwamfuta ɗaya, ƙofa ɗaya,
su kuwa a tare suke son magana,
miliyoyin lambobi kafin ƙiftawar ido.
Abin da ke isa fuskar gilashi
sai ka ce Oshodi da yamma:
danfo ya sa kai, keke ya sa kai,
kowa na da gaskiya, ba mai motsi.

Sati uku. Na canza kebul, na gajarta shi.
Na ƙona yatsa da dalma har fatar ta daina ƙorafi.
Allo na uku kullum yana makara da ƙiris,
ƙiris ɗin da agogon hannu ba ya gani
amma ya isa ya sa ƙarya a bakin gaskiya.
Folarin ya ce mu sayi kwamfuta ta biyu.
Na ce da kuɗin wa?
Ya yi dariya, ya miƙe a benci.

Sai na tuna Baba a Agege, ina 'yar firamare,
rumfar goro, ganye jiƙe,
yara huɗu na ƙirga, huhu ɗaya a tsakiya.
Ba ya bari a jefa ɗaiɗai.
Tara a gabanka, in ji shi, har ya cika ɗari,
ka jira in buga sanda.
Ƙwas, Ɗanjuma. Ƙwas, Tanko.
Goro bai taɓa ɓata a ƙirgarsa ba,
kuma kafin azahar motar Sakkwato ta tashi.

Na yanke agogo uku, na bar ɗaya
ya riƙa buga wa kowa sanda.
Na ba kowane allo kwano biyu:
yana cika ɗaya, ana kwashe ɗaya.
Kowane ƙunshi da lambarsa a goshi
kada na Tanko ya shiga lissafin Ɗanjuma.
Kwamfuta kuwa na ce ta daina gaishe-gaishe a ƙofa,
ta buɗe rumbu kawai, kaya su wuce.

Huɗu da minti goma na danna.
Layi huɗu suka fito kafaɗa da kafaɗa.
Na ƙwanƙwasa tebur da cokalin shayi,
duka huɗun suka zabura lokaci guda.
Lambar asara ta tsaya a sifili.
Minti ashirin ina kallonta ko za ta ba ni kunya.
Ba ta motsa ba.

Ban tashi Folarin ba.
Ruwa ya ɗauke, ladanin Alagomeji na gyaran murya.
Gobe za mu kai su ƙarƙashin gada, cikin gishiri da tsatsa,
can za a san na ƙwarai.
Yanzu dai na sa ƙonannen yatsana a baki,
ɗaci-ɗaci, irin na goro,
wanda zaƙinsa sai an kora da ruwa.