Amon Dirhami

A Alabar, bayan rumfunan masu goro,
inda hayaƙin motoci ya gama rina bango,
Baba Gariba maƙerin fari ya kwance ƙullin tsummana,
tsaba bakwai suka zube a gaban uwar maƙera.

Na ce, gadon kakata ne,
wai daga Gabas suka zo cikin burgamin wani falke.
A narka, a yi wa Lantana munduwa kafin biki.

Bai tanka ba.
Ya ɗauki ta fari ya sake ta a kan siminti,
ta yi kuka siriri, dogo, har yaron zuga ya ɗago kai.
Ta biyu ma haka.
Ta biyar ta faɗi tif, kamar marfin kwalba.
Ya goga mata magagari sau uku,
ja ya leƙo daga ƙarƙashin fari.

Ya ce, duba, hatimi ɗaya, sunan sarki ɗaya.
Wannan an buga ta rumbu na cike.
Wannan kuwa, ina ji yaƙi ya ƙi ƙarewa,
dakaru sun tsaya a ƙofar fada suna jiran hakkinsu,
sai aka aika cikin dare a kira wani irina:
ƙara gaci kaɗan, wa zai sani?

Mai gishiri ya sani.
Mai jaki ya sani tun kafin ya sauke kaya.
Kasuwa ba ta karanta hatimi,
amma kunnenta ya fi na sarki.

Na shafa aljihu, sidina suna kwance lamo.
Da safe Mma Asibi ta zuba min waƙe,
kuɗin jiya ne, ludayin ne ya rame.

Ya ɗora su a mizani, ya daɗe yana kallon harshensa.
In wuta ta cire nata, in ji shi,
abin da zai saura zobe ne.
In kuma munduwa kake so, sai in haɗa duka in wanke,
ba mai ganewa ranar biki.
Sai damina ta zo, wuyan hannunta ya yi kore.

Na ce, yi zoben.

Ta biyar ɗin na mai da ita aljihu.
Har na sauka Asawase
ina jin ta tana gogar sauran canjina,
ba wanda ya fi wani amo.