Juyen Ƙarshen Kaka

Kafin ƙanƙara ta toshe hanyar Puka
na hau da Marsandin Baba kan ramin Ndue,
na bar inji ya yi ɗumi tukuna,
don mai in ya yi sanyi nawa gare shi,
kamar tsoho da bargo da asuba.

Kilomita dubu ɗari biyar da sittin ke goshinta.
Ta girme ni da shekara tara.
Ta ɗauki dankali, ta ɗauki itacen hunturu,
ta kai maraƙi kasuwar Shkodra a kujerar baya,
ta kai Inna asibiti ran da na zo duniya.

Na kwance noti. Baƙin mai ya tsinke,
zare ɗaya, wuluk, ya nufi tasa.
Na murza ɗigo tsakanin yatsu kamar yadda yake yi,
ina laluben garin ƙarfe, ban ji ba.
Ndue ya ce, Prenda, wannan sai ta binne mu duka.
Na ce, riƙe fitila, bar surutu.

Sabuwar matata, na shafa wa robarta mai
don kar ta cije ta tsage.
Na zuba sabo, ruwan zuma, a hankali,
na zaro sanda, na goge, na mayar, na zaro.
Ya tsaya kan layi.

Ruwan lagireto ya koma kalar tsatsa.
Na zubar, na wanke, na cika da kore,
wanda sanyin Janairu ba ya daskarar da shi.
Man giya ban taɓa ba, saura dubu takwas,
haka littafin ya ce.

Littafin nan fa.
Bangonsa ya sha maiƙo har ya yi laushi.
Marash Gjoka, da fensir, a shafin farko,
sai kwanan wata, sai lamba, sai kuɗin galan.
Babu ranar aurena a ciki,
babu shekarar da ambaliya ta cinye gada,
amma akwai fambel da ya yi ƙara a Fushë-Arrëz
da tayar hagu mai cin gefe.

Mutumin da bai taɓa wuce ranar juye ba
ya shekara shida yana ɗage ganin likita.
Ni da nake auna jinin rabin ƙauyukan nan
ban samu hannunsa ba ko sau ɗaya.
Ya ce injinsa ba ya hayaƙi.

Layin ƙarshe ya karkace, fensir na rawa:
man birki, Oktoba.
Ya rubuta ranar tun ba ta zo ba.
Ta zo, ba ta same shi ba.

Birki aikin mutum biyu ne.
Da ni ke zama a gaba, ƙafata da ƙyar take kaiwa,
shi yana ƙasa yana kira.
Yau ɗana Leka ke kan kujera, da matashi a bayansa,
ni ce kwance da sifana.
Taka! Taka! Riƙe!
Tsohon mai ya fito, ya sha raɓa ya yi duhu,
kumfa na bin sa ɗaya bayan ɗaya.
Saki. Sake takawa.
Muryata ta dawo mini daga ƙarƙashin ƙarfe,
sai na ji ba tawa ba ce.

Taya huɗu, har feda ta yi tauri.
Leka ya ce ƙafarsa ta mutu.
Ndue ya karɓi tsohon mai a jarka,
ya ƙi kuɗin rami, ya ce in kawo cuku.

Gobe akwai mai ciki a bayan dutse,
gangara goma sha ɗaya kafin gidansu.
Na lashi bakin fensir, na rubuta a ƙasan nasa:
an yi.
Sannan lamba ta gaba.