Sashe na Goma Sha Bakwai

An miƙo mini littafin neman gurbi na kwalejin jinya
da ke kan tudun Playa Ancha, a Valparaíso,
aka ce: Eloísa, kwana uku gare ki,
duba doka, duba zane, duba ko mutum zai iya cikewa,
Jumma'a ki kawo abin da kika rubuta.

Bangon ya yi kyau, ban musa ba,
shuɗi irin na teku da hantsi,
ɗalibai biyar na dariya a inuwar manyan bishiyoyi.
Na hau motar haya har ƙofar ginin,
na zaga shi sau biyu,
ba bishiya ko ɗaya, sai kyanwa a kan katanga.
Inuwar nan ba ta wannan makaranta.

Idona ya saba da irin wannan takarda,
wanda ya saba da hanya ba ya ganin raminta.
Sai na gangara bakin ruwa
wurin Belisario Huenchullán, mai ɗinkin koma,
wanda 'yarsa ke mafarkin farar riga.
Na ce: Cike mata, ni bakina a rufe,
agogo zan riƙe, kai ka karanta.

Ya goge hannu a wando, ya gyara tabarau.
Rubutu ruwan toka a kan shuɗi.
Ya kai shi hanci, ya miƙa shi nesa,
ya juya wa rana baya.
Kuɗin zango: duba shafi na tara.
Shafi na tara ya ce: duba rataye na biyu.
Rataye na biyu ba a buga shi ba.
Minti ashirin da shida,
tambaya ɗaya tak, an ɓoye masa amsarta.

Gidajen rubuta sunan uba goma ne,
Huenchullán harafi goma sha ɗaya.
Ya tsaya da biro a sama,
ya ce: Wanne zan yar? Duka na kakana ne.
Can ya cusa na ƙarshen a gefe, ɗan mitsitsi,
kamar fasinjan da ya rataye a ƙofar mota.

Sashe na goma sha bakwai da dare na cim masa,
da gilashin ƙara girma, shayina ya huce.
Kwaleji na iya ƙara kuɗi tsakiyar zango ba sanarwa,
abin da aka biya ba ya dawowa,
hoton ɗaliba da muryarta nasu ne har abada,
in rigima ta taso, sai kotun Santiago.
Duk a harafin da bai kai ƙafar tururuwa ba.
Wanda ya tsara wannan ya san doka,
ya san kuma girman rubutun da ido ke tsallakewa,
amma ya bar layi mai faɗi
inda za ta sa hannu, Amaranta.

Shafi huɗu na yi musu.
Baƙin rubutu a kan fari.
Kuɗi a shafin farko, da lamba.
A ƙara gidaje, suna ba ya raguwa don takarda.
Sashen nan a fito da shi fili ko a cire shi.
A ɗauki hoton ginin yadda yake, har da kyanwar.
Shugabar ofis ta ce: Shuɗin fa? Da tsada aka zana shi.
Ta yarda da gidajen suna,
sauran sai taron watan gobe, ta rufe aljihun teburinta.

Da yamma na bi ta bakin ruwa.
Belisario ya ba ni kifi biyu,
ya naɗe su a shafi na tara.
Ya ce yarinyar ta kai takardun, Litinin ake rufewa.
Na ce: Ta ga sashen?
Ya ce: Ta gani, sau biyu ta maimaita mini.
Wata kwalejin sai an hau mota uku,
wannan kuwa tana hango rufinta daga tagarta.