Bahaguwa

Garmar Nomau ce ta tono shi
bayan ruwan shuka na biyu,
a gonar da ta jingina da dutsen Kwatarkwashi.
Kai ne na yumɓu, bai wuce dunƙulen hannu ba,
kunne guda ya tafi, haɓa ta tsage,
gira ta sauko ta danne ido
kamar na wanda aka tasa daga barci bai shirya ba.

Na zo da takardar da malamina ya ba ni.
Layin farko: sunan mai aikin.
Na biyu: zamani. Na uku: salo.
Na auna, na ɗauki hoto ta fuska huɗu,
na zana shi da fensir har takarda ta huje,
layukan nan uku suna nan fari fat.

Littattafan da na kwana a kansu sun san mutanensu:
wa ya koya wa wa,
shekarar da mai zane ya sake launi,
bashin da ya ci, da ciwon da ya kai shi ƙasa.
Namu kuwa sai a rubuta a ƙarƙashin gilashi:
ba a san mai shi ba.

Tumba mai ginin tukwane tana zaune a zauren Nomau,
ta zo karɓar kuɗin tulu.
Yana ta ci mata ido tun bara waccan.
Ta ce, “Miƙo shi nan.”

Ba ta duba fuskar ba.
Ta ƙwanƙwasa da farce, ta kai kunne.
Ta goga a harshe, ta tofar.
“Ƙasag gindin dutse ta, an sa mata tsakuwa.
Ran da anka gasa shi iska ta juya,
shi as sa gehe guda yay yi baƙi.”
Sannan ta zura yatsa cikin ramin wuya,
inda ni ban taɓa tunanin leƙawa ba,
ta yi shiru
har akuya ta gama ratsa zauren.

“Bahaguwa ta,” in ji ta.
“Ji inda tad danne. Kuma sauri takai,
ga haɗi nan ba ta shahe ba.
Ko ɗiya na kuka, ko hadari ya taso.”

Na ce, Inna, ta yaya kika san mace ce?
Ta yi dariya, haƙori biyu.
“Ban sani ba. Yatsa dai ƙarami na.
In yaro na, to, an koya mai da kyau.”

Na sa nawa babban yatsan a gurbin.
Bai shiga ba.
Wani ya tsaya a nan, da laka a hannu,
kafin a san sunan garin nan,
ya bar mini wurin da ya fi ƙarfina.

Nomau ya yi gyaran murya:
wani mai mota ya yi tayin buhun taki biyu,
Laraba zai dawo.
Ban ce kada ya sayar ba. Gerona ba ya gonarsa.
Na dai roƙi kwana uku in ƙara dubawa.

A layin farko na rubuta:
bahaguwa, mai ƙaramin yatsa, tana sauri.
Na san jan biro na jirana.

Da yamma na bi Tumba gida, ina riƙe da sandarta.
Tuluna goma sha ɗaya a jere suna shan iska,
ƙarƙashin wuyan kowanne akwai ɗan lotsi
da ba wanda ya taɓa tambayar ta dalili.
Na buɗe sabon shafi.
Wa ya koya miki?
“Hajo.” Ita fa? “Ige ta Tsauni.” Ita fa?
“Dubu, mai gajeren hannu.”
Ita fa?

Ta daɗe tana murza laka a tafi.
“Nan numfashina yat tsaya,” in ji ta.
“Bar wuri ƙasa nai. Kak ka ja layi.”