Abin da Baffa Ke Faɗa Idan Jirgi Ya Makara

Ƙarfe biyun dare a Jekadafari,
janareta ya yi shiru, ni da kwamfuta muna kallon-kallo.
Dije mai wake ta kira daga Tudun Hatsi:
ta tura kuɗin buhu goma sha biyu,
manhajata ta watsa mata lamba ɗari biyar
da wani dogon rubutu, kamar hanjin akuya a faranti.
Ta ce, "'Yar nan, kuɗina sun mutu ne, ko barci suke?"

Na rasa ta cewa.

Sai na tuna Baffa Manu,
shekara ashirin a tagar tikiti ta tashar jirgin ƙasa.
Ranar da jirgi ya kwana a Bajoga
bai ja taga ya sulale ba,
bai kuma karanta wa jama'a sunan ƙarfen da ya karye ba.
Leƙowa ya yi, ya gyara hula:
"Jirgi bai iso ba. Laifin ba naku ba ne.
Tikitinku na nan da ransa. Ku dawo bayan la'asar."
Sannan ya juya ga babban littafinsa
ya rubuta komai dalla-dalla, domin makanikai.

Na jawo kujera, na sake gyara ƙofofina.
Idan banki ya yi gum, ba za mu kwana a zaure ba:
sallama ɗaya, a dakata,
a sake, a ƙara dakatawa,
in an yi uku a koma gida da mutunci.
Idan fargaba ta sa yatsa ya danna sau biyu,
kuɗi sau ɗaya za su fita.
Idan ita ta tsallake lamba,
a nuna mata gurbin, ban da tsawa.
Hanjin kuwa nawa ne,
ya wuce littafi, inda ni kaɗai zan wanke shi da safe.

Da assalatu banki ya sake faɗuwa,
don shi bai yi wa kowa alkawari ba.
Wayar Dije ta ce:
"Ba mu samu banki ba yanzu.
Kuɗinki ba su motsa ba. Za mu sake gwadawa."

Ba ta kira ni ba.
Da hantsi dai yaronta ya zo da mudun wake a leda,
ya ce wai a gaya mini
injin ya fara tarbiyya.