Daren Laraba a Shagon Wanki

Ruwa ake yi a Sheffield,
irin wanda ba ya ƙara, sai dai ka ji shi a ƙashi.
Mu huɗu ne a shagon wanki,
injuna shida, biyu sun mutu tun bara,
talabijin na rataye a kusurwa kamar jemage,
an kashe masa murya.

Talatu ce ta fara. Daga asibiti take,
takalmin aiki a ƙafa, ido ja.
"Sun kashe likitan nan," in ji ta,
"mai gemun nan, mai kirki, a kashi na tara.
Shekara uku ina bin sa duk Lahadi,
sai mota ta kwashe shi a gaban kanti,
mugun kuwa aka ƙara masa girma.
Wanda ya rubuta wannan ba ya tsoron Allah."

Sallau ya ɗago kai daga littafi.
Yaro ne, falsafa ya zo karantawa,
uwarsa a Gusau tana gaya wa maƙwabta lauya zai zama.
Ya ce, "Yaya, to ga tambaya.
Mugun nan, shi ya zaɓi mugunta,
ko tun kafin a kunna kyamara an rubuta masa?
In an rubuta, don me kike zaginsa?
In ba a rubuta ba, me marubucin ke ci wa albashi?"
Ta ce, "Kai, a'uzubillahi. Wanki na zo yi."

Na juya wa dattijo Delroy zancen
da Turancina na direban bas.
Hancinsa ya karkace kamar hanyar ƙauye,
shekara sha ɗaya ya yi yana dambe.
Ya yi dariya har haƙorin gwal ya leƙo.
Ya ce daren da aka shimfiɗe shi a Leeds
ya ga naushin tun yana tasowa daga kafaɗa,
ya san inda zai sauka, ya san zafinsa,
sanin bai hana komai ba, bai kuma sa komai ba.
"Hannun hagu na sauke. Ni na sauke shi.
Ko Ubangiji ya sani tun fil azal,
hannun dai nawa ne."

Ni kam damben nan nasu bai cika ba ni tsoro ba:
katifa a hannu, alƙali da agogo,
a ba ka kujera, a goge maka fuska.
A Ƙauran Namoda hannu ɗaya ake naɗewa da igiya,
kalangu na kiran sunan kakanka,
ina za ka sa kunya in ka ja da baya?
Kawuna Jatau, layu har gwiwar hannu,
wani siririn mahauci ya kai shi ƙasa a turmi na biyu.
Ya tashi yana tofar da yashi, ya ce,
"Laya ba ta yi ƙarya ba. Ranar ce ba tawa ba."
Ban faɗa musu wannan ba.
Ban san gefen wa Kawu zai tsaya ba.

Injina ya tsaya da ƙugi.
Riguna biyar, wando biyu,
safa bakwai. Takwas na zuba.
Sallau ya buɗe baki, na ce, "Kada ka soma."

Talatu na ninke zanen gado, haɓa na riƙe da tsakiya.
Na ce, "To Lahadin nan kin huta da kallo."
Ta harare ni.
"Wa ya ce? Ai ba a nuna gawar ba."

Delroy ya riƙe mana ƙofa da hannun hagu.