Kalmar da Kaneng Ta Kawo Teburin Shayi

Ranar Laraba ta zo da ita,
cikin ƙamus mai ɓallallen bango,
ta dire shi gefen gwangwanin madara
a teburin Jatau, nan Farin Gada,
inda sanyin Jos ke shigowa ta ƙarƙashin benci.

"Buru," in ji ta. "Sunan da Turawa suka ba
abin da kake yi tun asuba."
Jatau bai ɗago ba, yana ta shiƙar shayi
daga kofi zuwa kofi, dogon zare mai tururi.
"Ni dafawa nake, 'yar boko. Riƙe burunki."

Na jawo littafin, na gyara tabarau.
Ashe dattijuwar kalma ce.
Ta girmi layin dogo,
ta girmi kuzar da ta kawo kakana tudun nan.
Masu tonon asali sun ce saiwarta zaɓalɓala ce,
ruwa na tsalle a bisa wuta.
Kalmarsu ta romo 'yar ɗakinsu ce,
har burodi ma, wai, suna gaisawa.

Aikinta na fari giya: hatsi, ruwa, jira.
Kaneng ta kwashe da dariya:
"Kakata a Bukuru ta shekara arba'in a kai,
dawa na tsiro ƙarƙashin jiƙaƙƙen buhu,
tukwane shida a bayan ɗaki,
ba ta san Ingila ta raɗa mata suna ba."
Wani direban Bauchi ya ce ai daga nan burukutu ta samo nata.
Na duba sau biyu, ƙamus bai faɗa ba.
Na ce kama da wane ba wane ba ne.
Bai yarda ba, ya biya kuɗinsa ya tafi.

Daga baya kalmar ta tuba, ko ta yi kamar ta tuba,
ta shiga butar shayi, ta shiga gahawa.
Mu mu jiƙa, mu tsima, mu dafa, mu tace,
su sun ɗora wa guda ɗaya kayan duka,
kamar jakin mai rowa.

Layin ƙarshe ne ya ɗaure mini baki.
Ana faɗinta ga hadari in yana haɗowa,
ana faɗinta ga fitina
tun tana ƙarƙashin murfi.

Wannan ba sai an fassara mana ba.
Mun san yadda Taminus ke yin tsit da rana tsaka,
masu keke na juyawa babu fasinja,
waya na ruri a kowane aljihu
da tambaya ɗaya: kana ina?
Kaneng ta san ta, ta taɓa kwana uku a ɗakin matar Jatau.
Jatau ya san ta, wannan ne teburinsa na biyu.

Ba wanda ya ce komai.
Butar ta fara kaɗa murfinta.

Jatau ya miƙa hannu ya rage wutar risho.
"To ai shi ke nan," ya ce.
"Abin da ke kan wuta, mai shi ba ya nisa."
Ya tura mata kofi, sukari cokali biyu, yadda take so.

Can saman dutsen Shere gari ya yi baƙi.
Kaneng ta nuna da haɓa, ta ce, "Ga shi can yana buru."
Jatau ya ce, "Hadari dai."
Muka ja benci ciki, ta cusa ƙamus cikin riga,
ɗigon farko ya faɗa a kofina.